Kwamfutar tebur tana sake kunna kanta cikin barci: tambayoyi da amsoshi

Masu shagon buga takardu a Garwa da Marwa, da ma'aikatan ofis har zuwa Injamena, suna yawan kawo kuka iri ɗaya: mutum ya sa kwamfuta barci ya tafi sallah ko ya tashi aiki, ya dawo ya tarar ta sake tashi tun daga farko, takardar da bai ajiye ba ta tafi. Maganin da aka fi ba su shi ne a yi mata format, wato a goge komai a sake girka Windows. Ni kam ina ganin wannan asarar lokaci ce da asarar fayilolin mutane, domin na'urar tana rubuta abin da ya same ta, kuma ana iya karantawa kafin a taɓa komai.

Me ke faruwa a cikin kwamfuta idan tana barci?

Idan ka danna Mettre en veille, fanka ta tsaya, diski ya tsaya, sikirin ya yi duhu, amma ba ta mutu ba. Duk abin da ka bari a buɗe yana zaune a cikin RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta injin, ita kuwa RAM ba ta riƙe komai sai da wuta. Saboda haka akwatin wutar da ke cikin injin, wanda masu gyara ke kira alimentation, yana ci gaba da tura wata 'yar wuta kaɗan, volt 5 a yawancin injuna. A kan takardar da ke liƙe a jikin akwatin za ka ga an rubuta +5VSB. Wannan siririn layi shi kaɗai ke riƙe da aikinka har ka dawo. Ya yanke ko na ƙiftawar ido, RAM ta zama wayam, kwamfuta ba ta da inda za ta koma sai farko.

Akwai barci na biyu, Veille prolongée, wato dogon barci. A nan ana kwashe abin da ke cikin RAM a rubuta shi a diski cikin fayil mai suna hiberfil.sys, sannan injin ya mutu gaba ɗaya. Ko an zare fulogi, aikin yana nan.

Ta yaya zan gane farkawa ta yi ko sake tashi?

Dubi abin da ka bari. In ka shiga ka tarar Word da burauza suna buɗe yadda suke, farkawa kawai ta yi, wani abu ne ya tashe ta. In ka tarar da sikirin fayau ba abin da ke buɗe, ko Word yana nuna maka takardun da ya ceto a gefen hagu, to ta mutu ne ta sake tashi. Matsaloli biyu ne daban, maganinsu ma daban.

A ina take rubuta abin da ya faru?

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta eventvwr.msc. Observateur d'événements zai buɗe. Shiga Journaux Windows, sannan Système, ka nemi layukan da suka yi daidai da lokacin da abin ya faru. Kada yawan jan rubutu ya tsorata ka, lambobi kaɗan ne suka shafe mu.

Lamba 42 daga Kernel-Power tana nufin injin ya shiga barci. Lamba 1074 tana nufin wani shiri ne ya nemi a sake kunna injin cikin tsari, kuma layin yana faɗin sunan shirin. Galibi Windows Update ne. Lamba 41 daga Kernel-Power, wadda sau da yawa 6008 ke raka ta, tana nufin injin ya mutu ba tare da an rufe shi yadda ya kamata ba.

A kan 41 ɗin nan ya kamata ka daɗe. Danna ta, ka shiga Détails, ka nemi BugcheckCode. In ka ga sifili, Windows bai samu damar rubuta komai ba, kuma in ba wani ne ya danne maɓallin kunnawa ba, abin da ya fi kusa shi ne wuta ce ta yanke masa, daga waje ko daga cikin akwatin. In ka ga wata lamba, Windows ne ya faɗi da kansa. Wadda aka fi gani a wannan matsala ita ce 159, wadda a shuɗin sikirin ake rubutawa 0x9F ko DRIVER_POWER_STATE_FAILURE, ma'ana direban wata na'ura, wato manhajar da ke haɗa ta da Windows, ya kasa shiga barci ko ya kasa fita. Wannan lamba ɗaya ta raba maka hanya biyu: ko ka bi wuta, ko ka bi manhaja.

In wuta ce aka ɗauke, me ya sa nake tarar da ita a kunne?

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. A cikin BIOS, wato saitunan injin na asali da ake shiga kafin Windows ya tashi, akwai saitin da ke gaya wa injin abin da zai yi idan wuta ta dawo. A injunan Dell sunansa AC Recovery, a na HP After Power Loss, a wasu kuma Restore on AC Power Loss. Zaɓi uku ne: ya zauna a kashe, ya kunna kansa, ko ya koma yadda yake kafin a ɗauke. Injunan gwanjo da ke shigowa daga Turai ta tashar Duwala da yawansu daga ofisoshi suka fito, kuma akan samu an bar su a kan kunna kai. Sai a ɗauke wuta da tsakar dare, a dawo da ita bayan minti biyu, injin ya tashi shi kaɗai. Da safe mai shago ya zo ya ga fanka tana juyawa, ya rantse kwamfutar ce ta yi wa kanta haka.

A yankinmu wannan shi nake fara zargi. Wutar jihohin arewa uku na Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. Idan ruwa ya ja baya da rani, a daidai lokacin da zafin Maris zuwa Mayu ke haura digiri 40 kowa ya kunna fanka da firij, ana shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage nauyi, amma ƙiftawar wuta ba ta ƙare ba. Ga kuma lokacin da ake juyawa daga wutar gari zuwa janareto. Akwatin wutar kwamfuta an ƙera shi ya jure yankewar da ba ta wuce kimanin milisakan 16 ba yana cikin aiki, a barci yakan ɗan fi haka jurewa, amma daƙiƙoƙin da mai gadi ke ɗauka kafin ya tayar da janareto ya juya makunni sun ishe shi mutuwa.

Mayar da saitin BIOS ɗin nan zuwa Power Off ba zai ceci aikinka ba, amma zai nuna maka gaskiya: in daga ranar ka fara tarar da injin a mace maimakon a kunne, ka kama mai laifi. 

Ina da régulateur, bai isa ba?

Bai isa ba. Régulateur yana daidaita ƙarfin wuta ne ya kusanta ta da volt 220, ba shi da batir. Onduleur, wato UPS, shi ke riƙe injin idan an ɗauke. Sai dai batirin onduleur yana saurin lalacewa a zafin nan namu. Gwada shi: ajiye aikinka, ka zare fuloginsa daga bango injin yana kunne. In injin ya mutu nan take, batirin ya gama, komai koren fitilar da yake nunawa.

Wuta ba ta motsa ba, ina zaune a wurin, amma ta sake tashi. Sai me?

To a koma cikin akwatin. Sa injin barci ka zauna ka zuba wa fitilar maɓallin kunnawa ido. A barci na ƙwarai tana ƙiftawa a hankali. In ka ga ta mutu, can fanka ta ɗauka, tambarin Dell ko HP ya bayyana, alhali ƙwan ɗakin bai ko girgiza ba, layin volt 5 ɗin nan ne ya fi kama da mai rauni. Ɓangaren da ke samar da shi ba ya hutawa muddin fulogi yana bango, ko injin yana kashe, don haka kondansatocinsa, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, kan riga saura tsufa. Shi ya sa za ka ga injin da ke aiki yini guda lafiya lau, amma barcin minti goma ya gagare shi.

Kafin ka sayi wani akwatin, leƙa gaban injin. A shaguna da yawa za ka tarar wayoyi biyu ko uku na maƙwabta a jone a ramukan USB suna caji, ga 'yar fankar USB, ga lasifika. A injuna da dama duk waɗannan daga wancan siririn layi suke sha idan an shiga barci, layin da a yawancin akwatuna amfiya 2 zuwa 3 kawai yake bayarwa. Cire komai in ban da madannai da linzami, ka sake gwadawa. In ta gyaru, ka sayi caja ta bango ka ajiye wa maƙwabta.

In ba ta gyaru ba, a ari akwatin wuta mai lafiya a gwada. Ka sani cewa ƙananan injunan ofis na Dell da HP suna da fulogin ciki irin nasu, ba kowane akwati ke shiga ba, sai a duba lambar samfurin. Kuma ina roƙonka kada ka buɗe akwatin wutar da kanka. Manyan kondansatocin ciki suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare fulogi.

Zafi da ƙura fa?

A barci furosesa ba ya aiki, don haka zafinsa ba shi ke kashe injin a lokacin ba. Zafi yana ɓarnarsa ne a hankali ta hanyar tsofar da kondansatoci. Ƙurar hunturu kuwa tana shiga ramin RAM. Zare fulogi, ciro sandar RAM, goge haƙoranta masu ruwan zinariya da magogin fensir, hure ramin, ka mayar har maƙallan gefe biyu su kama. Daga nan rubuta mdsched.exe a akwatin Windows da R don injin ya gwada RAM ɗin. In kuma agogon injin yana komawa baya duk sanda aka zare shi, batirin CR2032 mai volt 3 da ke kan carte mère, wato babban allon injin, ya mutu, kuma saitin da ka gyara a BIOS ba zai zauna ba sai an canza shi.

Lambar da na gani 159 ce. Ya zan yi?

Da farko ka hana Windows ɓoye maka saƙon. Rubuta sysdm.cpl, shiga Paramètres système avancés, sannan Démarrage et récupération, ka cire alamar Redémarrer automatiquement. Nan gaba shuɗin sikirin zai tsaya ka ɗauki hotonsa da waya. Akwai kuma ƙananan fayiloli a C:\Windows\Minidump da mai gyara zai iya buɗewa ya ga sunan direban.

Waɗanda suka fi jawo wannan su ne direban katin hoto, na katin intanet, da 'yan makullan Wi-Fi da modem na USB masu araha. Cire su ɗaya bayan ɗaya kana gwada barci. Direban kuwa ka ɗauko shi daga shafin kamfanin da ya ƙera injin da lambar samfurinka. Tarin direbobin nan da ake yawo da su a kile na USB ana zuba wa kowane inji ba na son su ko kaɗan, domin sukan ɗora wanda bai dace da injin ba. Kashe Activer le démarrage rapide a Options d'alimentation ma yakan taimaka. Tun Windows 8 a 2012 aka shigo da shi, kuma tsofaffin direbobi ba duka ke jituwa da shi ba.

In 1074 ce?

Wannan mai sauƙi ne. Windows ya farka ya kammala sabuntawa ya sake kunnawa. Microsoft na fitar da manyan gyare-gyare ranar Talata ta biyu a kowane wata. Saita Heures d'activité su dace da lokacin aikinka, kuma idan ya nemi sake kunnawa ka yi masa da hannunka kafin ka tashi.

Farkawa kawai take yi ba dalili. Wa ke tashe ta?

Buɗe Invite de commandes a matsayin administrateur. Umarnin powercfg /lastwake yana faɗin abin da ya tashe ta na ƙarshe, powercfg /waketimers yana nuna shirye-shiryen da suka sa agogon tashi, powercfg /devicequery wake_armed kuma yana jero na'urorin da aka ba izini. Sau da yawa linzami ne a kan teburin da ke girgiza idan babbar mota ta wuce, ko katin intanet. A Gestionnaire de périphériques, shafin Gestion de l'alimentation na na'urar, ka cire mata izinin.

To wane saiti ya dace da mu a nan?

Tun Windows Vista akwai barcin haɗaka, Veille hybride, wanda aka yi domin kwamfutar tebur da ba ta da batir. Yana barin aikin a RAM, yana kuma rubuta kwafi a diski. In wuta ta zauna sai ta farka da sauri, in an ɗauke sai ta ɗauko daga diski, tagoginka su dawo yadda ka bar su. Da kansa yake zuwa a kunne, amma masu girka Windows da yawa suna kashe dogon barci don su rage cin wuri a ƙaramin diski, shi kuma yana tafiya tare da shi. Rubuta powercfg /a ka ga irin barcin da injinka ke iyawa. In an kashe, powercfg /h on zai dawo da shi, sannan a saitin ci-gaba na Options d'alimentation, ƙarƙashin Veille, ka kunna Autoriser la veille hybride. Wasu sababbin injuna masu sabon salon barci ba su da shi, su sai dogon barci kai tsaye.

Na fita sallah ko cin abinci, barcin haɗaka ya wadatar, bayan ka danna Ctrl da S. Na dare kuwa, musamman da damina lokacin tsawa, sa ta dogon barci, ka jira fitilar ta mutu gaba ɗaya, sannan ka kashe makunnin bango.