Waiwaye: yadda aka fara ƙirga noti tun kafin a ƙera kaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu haɗa sabon babur daga kwali a Kano ya san abin da ke cinye lokaci, ba ɗora taya ba ne, noti ne da wosha, musamman wanda ke can lungu inda sifana ba ta shiga sai yaro ya kwanta ƙasa ya karkace hannu. To wannan ciwon kan ne injiniyoyi suka zauna a kai tun shekarun 1970, wai tun wajen zane a tsara kaya yadda haɗa shi zai zo da sauƙi.

Kamfanin Hitachi na Japan na cikin na farko. Su maki suke bayarwa bisa 100, in dai daga sama kawai za a sauke abu ya zauna to cikakken maki ne, da zarar sai an juya ko an murɗa ko an cusa ta gefe, sai a zaftare.

A Amurka kuwa Farfesa Geoffrey Boothroyd ne ya fara, daga baya ya haɗu da Peter Dewhurst suka buɗe kamfani a 1983. Nasu ya fi bin diddigi gaskiya, sakan suke ƙirgawa, na ɗauka da na sakawa. Kuma kowane ɓangare sai ya amsa tambaya uku: shin motsi yake daban da sauran? Dole ne sai da wani ƙarfe ko roba daban za a yi shi? Dole ne ya zama a ware don a iya haɗawa ko kwancewa? In duk a'a ne, to ba shi da dalilin zama shi kaɗai, a haɗe shi da na kusa. Firintar IBM Proprinter ta 1985 ita ake yawan buga misali da ita, ba sukuru, ɓangarorin ƙas-ƙas suke kama juna.

Sai tsarin kamfanin Lucas a Ingila tare da Jami'ar Hull a shekarun 1980, su ba ruwansu da agogo, ɓangarorin kaya suke rabawa gida biyu, A na dole, B na rakiya, ana so na dolen su kai kashi 60 cikin 100.

Ni dai a ganina mai walda a Ƙofar Ruwa ko ƙaramar masana'anta a Sharaɗa da ke ƙera injin markaɗe, na Lucas ya fi masa, biro da takarda sun isa. Amma fa tambaya ta ukun nan ta Boothroyd kar a yi wasa da ita, don mu nan gyara muke yi ba jefarwa ba, in ka rage noti ka like wajen boris da walda, ranar da boris ɗin ya ci sai mai inji ya nemo garanda a yanka.