Waiwaye: Inda Saɓanin Masu Bindiga a Amurka Ya Samo Asali

A watan Satumban 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara a jihar Fulorida ta soke dokar da ta hana mutum fita da bindiga a ƙugu kowa na gani. Mai kallon Amurka daga nesa zai zaci duk masu bindiga sun yi murna, alhali a cikinsu ne muhawarar ta fi zafi. Wani ɓangare na cewa haƙƙin da ba a amfani da shi a idon jama'a wata rana sai ya gushe, kuma ɗan fashi yakan ja da baya in ya hango makami. Ɗaya ɓangaren na cewa mai rataye da bindiga shi za a fara harbi, ana iya fizge ta ta bayansa, sannan yana tsorata mutanen da gobe za su kaɗa ƙuri'ar tsaurara doka.

A da, ɓoyewar ce abin kunya. Tun 1813 jihohin Kentaki da Luwiziyana suka hana ɓoye makami a jiki, don ana ganin mai cusa wuƙa ko bindiga a ƙarƙashin riga da mugun nufi ya fito. Labarin 1967 kuwa sananne ne: 'yan ƙungiyar Black Panther, mai fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata, suka shiga majalisar dokokin Kalifoniya riƙe da bindigogi a fili, a shekarar aka hana yawo da bindiga mai harsashi a jihar.

Shekarar da ba a cika ambato ba ita ce 1987, kuma a ganina a nan ne aka yi rabuwar hanya. Kafin lokacin, samun izinin ɓoye bindiga a Fulorida ya danganta da ganin damar hukumomin gundumar da mutum ke zaune. Sabuwar dokar ta ce duk wanda ya kai shekara 21, ba shi da tarihin babban laifi, ya kuma halarci horo, wajibi ne jiha ta ba shi lasisi. Garin sauya tsofaffin dokoki sai aka bar ƙofar rataya bindiga a fili a buɗe, majalisa ta yi maza ta rufe ta cikin 'yan kwanaki a watan Oktoba. Ke nan a shekara guda, a jiha guda, abin da kakanni ke ƙyama ya samu takarda da hatimi, wanda suka saba da shi kuma ya koma laifi.

Jihohi suka yi ta kwaikwayon tsarin lasisin, Teksas ta bi sahu a 1995. Miliyoyin mutane suka zauna a azuzuwan horo inda ake nanata musu cewa mai bindiga na kirki ba a sanin yana ɗauke da ita. Wannan tarbiyya ta shiga jikinsu, har ta zama ma'aunin hankali da dattako. A gefe kuma akwai waɗanda lasisin ya bari a waje: matashi ɗan shekara 19, da wanda kuɗin horo da rajista ya yi masa yawa, da wanda tun farko bai yarda a nemi izini kan abin da kundin tsarin mulki ya riga ya bayar ba. A jihohi da dama rataya a fili ce kaɗai ta rage musu, suka kuwa riƙe ta da hannu bibbiyu.

Abin ya fito sarari a 2014, lokacin da wasu a Teksas suka riƙa shiga gidajen abinci da dogayen bindigogi, saboda dokar jihar ta lokacin ta hana nuna ƙaramar bindiga amma ta ƙyale doguwa. Kamfanoni irin su Chipotle da Target suka roƙi abokan ciniki su daina shigo musu da makami. Masu lasisi suka ce ga irin abin da suke gudu. Daga Janairun 2016 kuma Teksas ta halatta rataya ƙaramar bindiga a fili ga mai lasisi, sai ɗaya ɓangaren ya ce fitowar da suka yi ce ta jawo hakan.

Zuwa 2024 jihohi 29 sun daina neman lasisi kafin mutum ya ɗauki bindiga, har da Fulorida da ta yi haka a 2023. Takardar ta rage ƙarfi, amma waɗanda suka taso a kanta har yanzu sai sun sauke riga ta rufe ƙugu kafin su fita daga gida.