Nutso da tukunyar iska a kan duwatsun murjani: tambayoyin masunta da ɗalibai

Tun da wayoyi suka yawaita a ƙauyukanmu na bakin kogin Haɗeja, bidiyon masu nutso a teku ya zama abin kallo a majalisa: mutum da tukunya goye a baya, kifaye kala-kala na zagaye shi. Da yake ilimin halittu nake koyarwa a sakandare, ɗalibai da iyayensu masunta kan tare ni da tambayoyi. Ga waɗanda aka fi maimaitawa.

Malam, abubuwan nan masu rassa, dutse ne ko itace?

Ginin dabba ne. Wasu 'yan halittu ne masu laushin jiki, galibinsu milimita kaɗan, kowace da baki ɗaya da 'yan hannuwa kewaye da shi. Suna zuƙo sinadarin alli daga ruwan gishiri su gina wa kansu mazauni, in sun mutu na baya su ɗora a kai. Yadda gara ke tayar da suri, haka suke tayar da tudu a cikin teku, sai dai nasu aikin na dubban shekaru ne. Mafi girma yana gabar Ostireliya, tsawonsa kusan kilomita 2,300. Wanda ya fi kusa da mu a zuciya kuwa yana Bahar Maliya, a gabar Jidda da Yanbu, da ta Sudan da Masar. Jan murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya ɗan dangi ne, amma daga Bahar Rum aka fi samo shi, kuma ba ya gina irin wannan tudu.

Me ya sa ba sai an yi zurfi ba kafin a gan su?

Saboda rana ce ke ciyar da su. A cikin naman kowace akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke haɗa abinci da hasken rana ta ba mai masaukinta kaso mafi tsoka, kuma ita ke ba shi launi. Don haka sai ruwa ya zama garau, mai ɗumi, wajen digiri 23 zuwa 29. Laka da ruwan daɗi na kashe su, shi ya sa gabar Najeriya, inda kogin Neja ke juye lakarsa, ba ta da irin waɗannan manyan tuddai. Duk faɗinsu bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku na dogaro da su. Kuma kyan kallon ma a sama-sama yake: daga wajen mita 5 jan launi ke fara dusashewa, in an ƙara nitsa komai ya koma shuɗi.

Iskar asibiti ce a cikin tukunyar?

A'a, iskar da muke shaƙa ce, an tace ta an matse ta kusan ninki 200. Na'urar da mai nutso ke cizo a baki ita ke sassauta ta daidai da matsin ruwan da yake ciki. Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera ta a 1943. A ruwa marar zurfi tukunya ɗaya kan kai mutum kusan awa guda.

Mu da muka tashi muna nutso a kogi da numfashi ɗaya, ai wannan zai zo mana da sauƙi?

Wani dattijon masunci ne ya yi mini wannan tambaya, kuma ita ta fi damuna. Baba, gwanintarku ta riƙe numfashi ita ce abin da za a fara raba ku da shi. Duk mita 10 da aka nitsa, matsi na ƙaruwa daidai da nauyin iskar da ke kanmu a tudu. Ku da kuke cika huhu a sama, iskar na takurewa in kun sauka, ta koma yadda take in kun taso, ba abin da ya ƙaru. Mai tukunya kuwa a can ƙasa yake cika huhunsa da matsattsiyar iska. In ya riƙe ta daga mita 10 ya taso, kafin ya kai sama ta ninka biyu. Huhu ya yage, kumfa ta shiga jini, tana iya kaiwa ƙwaƙwalwa. Tasowar mita ɗaya ko biyu da cikakken huhu a rufe ta isa ta yi ɓarna.

Mutane na ɗauka ruwa marar zurfi ba shi da haɗari, alhali a nan canjin ya fi tsanani: daga mita 40 zuwa 30 iska na kumbura da kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Don haka dokar farko ita ce a yi ta numfashi, kada a tsaya. Kunne ma a nan yake fara ciwo, sai a toshe hanci a hura a hankali tun kafin zafin ya zo. Sannan a taso sannu, a dakata minti 3 a mita 5 don iskar naitirojin da ta narke a jini ta fita. 'Yan uwanmu masu aiki a Jidda su riƙe wannan: ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 12 da nutso, awa 18 in an maimaita shi.

Me mutum zai gani, kuma me zai cije shi?

Akwai kifi mai baki irin na aku, haƙoransa a haɗe. Yana kankarar gansakuka daga jikin dutsen, kana jin ƙarar ƙaras-ƙaras a cikin ruwa, can sai ka ga ya saki farin yashi ta baya. Akwai wani ɗan siriri mai zane da ke da wurin aikinsa: manyan kifaye su zo su tsaya cik, su hangame baki, ya shiga ya tsince musu ƙwari ya fito lafiya. Kunkurun teku kan zo kiwo, ya haura ya shaƙi iska ya dawo.

Kowa shak, kifin tekun nan mai cin nama, yake tsoro, amma ƙananan da ke yawo a irin wannan wuri galibi kaucewa suke yi. Rauni ya fi zuwa daga abin da mutum ya taɓa ko ya taka: kifin da ke kwance kamar dutse da ƙayoyin dafi a gadon baya, bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, da wani dangin murjani da ke ƙona fata. Ƙwararren mai nutso hannunsa a naɗe yake. Ina ganin wannan ladabi ne kafin ya zama tsaro, domin reshen da bugun ƙafa ɗaya ke karyawa wajen santimita 10 yake ƙarawa a shekara, masu dunƙulen jiki kuwa wajen santimita 1.

Me ya sa wasu duwatsun murjani suke fari fat?

Zafi ne. In ruwa ya ɗara yadda suka saba da digiri 1 na tsawon makonni, sai su kori gansakukar, su rasa launi da abinci. In zafin ya daɗe su mutu. An ga haka a tekuna da dama a 1998, aka sake gani a 2016.

Ana iya gwadawa a dam ɗin Tiga ko Challawa?

Sai da malami da kayan aiki na gaskiya. Koyo kan fara ne a wurin iyo, takardar shaidar farko ba ta ba mutum izinin wuce mita 18, kuma ba a shiga ruwa mutum ɗaya. Ruwan dam ɗinmu ga duhu, ga kututture da tsofaffin komaye da ke iya riƙe mutum. Wani matashi ya tambaye ni ko za a iya jona tiyo da injin hura taya. Kada a kuskura. Iskarsa na ɗauke da tururin mai, tana kuma iya zuwa da gubar hayaƙin injin da hanci ba ya ji, wadda ke sumar da mutum a ƙarƙashin ruwa. In kuma injin ya mutu, mai nutso zai yunƙuro sama a firgice da numfashi a riƙe.