Girkin Gida

Girkin gida shi ne abincin da ake dafawa a cikin gida domin mutanen gidan da baƙinsu, ba don sayarwa ba. Babban abin da ya raba shi da abincin sayarwa shi ne mai girkin ya san waɗanda za su ci. Ya san wanda ba ya jure yaji, da wanda likita ya hana gishiri, da yaron da ke tsince albasa yana tarawa a gefen faranti. Kusan kowane gida yana da ’yan girke-girke da ake maimaitawa shekara da shekaru har su zama tambarin gidan. Su ake yi wa wanda ya dawo daga doguwar tafiya, da marar lafiyar da bakinsa ya fara buɗewa, da baƙon da ake ji da shi.

## Asali

Girki ya girmi noma nesa ba kusa ba, ya kuma girmi tukunya. A kogon Wonderwerk da ke Afirka ta Kudu an samu toka da ƙonannun ƙasusuwa masu kimanin shekara miliyan 1, alamar an taɓa hura wuta a cikin kogon. A wani tsohon mazauni da ke kwarin Kogin Urdun, Gesher Benot Ya'aqov, wani bincike da aka fitar a 2022 ya duba haƙoran manyan kifaye, ya gano cewa an dafa kifayen da matsakaicin zafi kimanin shekara 780,000 da suka wuce. Dafaffen abinci ya fi sauƙin tauna da narkewa, jiki kuma ya fi samun ƙarfi daga gare shi.

Ɓaraguzan tukwanen ƙasa da aka tono a kogon Xianrendong na ƙasar Sin sun kai kimanin shekara 20,000. Da tukunya ta samu, romo da miya suka samu, aka kuma iya yin abinci mai ruwa-ruwa wanda jariri da tsoho marar haƙori za su iya sha. Rubutattun girke-girke mafi tsufa da aka sani suna kan wasu allunan yumɓu na Babila, na wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, waɗanda ke ajiye a Jami'ar Yale ta Amurka. Ɗaya daga cikin allunan yana ɗauke da girki 25, yawancinsu romon nama da albasa da tafarnuwa, kuma kusan babu maganar awo a cikinsu. An rubuta su ne domin wanda ya riga ya iya.

## Yadda abinci yake zama abin so

Harshe yana gane ɗanɗano biyar: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da na biyar wanda masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano tushensa a 1908 ya sa masa suna umami, wato garɗin nan da ake ji a romon nama da nunannen tumatir. Mafi yawan sauran abin da ake kira daɗin abinci, hanci ne yake jin sa. Lokacin tauna, ƙamshi yana hawa ta bayan maƙogwaro zuwa cikin hanci, inda ɗan Adam yake da kusan nau'i 400 na masu karɓar ƙamshi. A kan gano yadda wannan tsari yake aiki ne Linda Buck da Richard Axel suka samu kyautar Nobel a 2004. Shi ya sa mai mura yake cewa abinci ya yi masa salam, alhali ba a rage komai a cikinsa ba.

Saƙon ƙamshi yana da gajeriyar hanya a ƙwaƙwalwa. Abin da ido ya gani da wanda kunne ya ji sai sun biya ta wata tashar tacewa tukuna, amma ƙamshi yana isa kusan kai tsaye sassan da ke kula da motsin zuciya da tunawa. Mutum yana iya daɗewa rabonsa da gidansu, ya gifta ta ƙofar wani gida ana soya albasa, nan take ya tuna da mahaifiyarsa a bakin murhu, har da muryarta tana cewa a wanke hannu. Wanda yake marmarin girkin gidansu yawanci ba yunwa ce take damun sa ba.

Sabo da wannan ɗanɗano yana farawa tun kafin haihuwa. A 2001, Julie Mennella da abokan aikinta a cibiyar bincike ta Monell da ke birnin Filadelfiya na Amurka suka fitar da sakamakon wani gwaji: matan da suka riƙa shan ruwan karas a ƙarshen goyon ciki ko a farkon shayarwa, jariransu sun fi karɓar abinci mai ɗanɗanon karas ba tare da ɓata fuska ba lokacin da aka fara ba su. Ƙamshin abin da uwa take ci yana shiga ruwan mahaifa da nono. Wato yaro yana zuwa duniya da ɗan sanin girkin gidansu.

Daga nan sai yau da gobe ta ƙarasa aikin. Tsakanin shekara 2 zuwa 6 yara sukan yi ƙyamar duk abincin da ba su sani ba, kuma bincike ya nuna sau da yawa sai an kawo musu abu sau 8 zuwa 15 kafin su karɓe shi. Iyaye da yawa sukan haƙura tun a karo na biyu ko na uku, su yanke hukuncin cewa yaron ba ya so. Wasu kuma sukan ɗauki hanyar tilas, su tsare yaro sai ya cinye, wannan kuwa ƙara masa ƙin abincin yake yi. Abin da ya fi tasiri shi ne a riƙa sa masa kaɗan ba tare da surutu ba, ya kuma ga manya suna ci suna jin daɗi. Abincin da babba yake kira abin sonsa, galibi wanda aka yi ta ajiye masa ne cikin natsuwa tun yana ƙarami.

## Abin da ke faruwa cikin tukunya

Masu girki sun san abubuwa da yawa da hannu tun kafin masana su yi musu bayani. Launin ja-ja da ƙamshin da ke tashi idan nama ko albasa ko burodi suka ji wuta, haɗuwa ce tsakanin sukari da sinadaran furotin, wadda masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Tana sauri ne idan zafi ya kai wajen digiri 140, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Saboda haka muddin akwai ruwa a jikin abu ba zai soyu ba. Idan aka cika kasko maƙil da ɗanyen nama, ruwan da yake fitarwa ba ya samun ƙonewa, sai naman ya dahu a cikin ruwansa ya yi fari, babu launi babu ƙamshi. Gwanar girki takan tsane naman, ta sa shi kaɗan-kaɗan, ta kuma bar shi ya kama kafin ta juya. Kunnenta ma yana aiki: ƙarar mai takan sauya daga ɓararraka zuwa ’yar siririyar ƙara idan ruwa ya kusa ƙarewa, a nan ne launi yake fara fitowa, kuma tsakanin nan da ƙauri tazara kaɗan ce.

Nama mai jijiya da guringuntsi kuwa akasin haka yake so. Sinadarin kolajin da ke sa shi tauri yana narkewa ne sannu a hankali cikin ruwa mai zafi, ya koma wani abu mai danƙo da ke ba romo kauri, wanda ake gani ya daskare idan romon ya huce. Ƙara wuta ba ya gaggauta wannan yadda ake zato, sai dai ya matse naman ya bushe. Wannan ne dalilin da ya sa da yawa daga cikin girke-girken da iyalai suka fi so a duniya na ƙaramar wuta ne da dogon lokaci, kuma da sassan nama masu araha ake yin su. Lokaci shi ne kayan haɗin da gida yake da shi, wanda mai sayarwa cikin gaggawa ba ya iya bayarwa.

Mai yana ɗaukar ƙamshi, domin yawancin sinadaran ƙamshin kayan yaji a mai suke narkewa fiye da ruwa, don haka ake soya su tukuna kafin a tsaida ruwa. Gishiri yana danne ɗaci yana fito da sauran ɗanɗano. Ɗan tsami a ƙarshe, kamar na lemon tsami, yana farkar da miyar da ta yi nauyi.

## Hannu da awo

Ana cewa wance tana da hannu. Mata biyu za su ɗauki kayan haɗi iri ɗaya, a tukunya iri ɗaya, amma ’ya’yan gidan su gane girkin kowacce daga lomar farko. Bambancin yana cikin ƙananan shawarwari da ba a faɗa: yaushe aka rage wuta, wane launi albasa ta kai kafin a zuba na gaba, sau nawa aka ɗanɗana. Awon kofi da cokali bai yaɗu cikin littattafan girki ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 19, kuma har yau girkin gida ya fi dogara ga ido da hanci da tafin hannu.

Irin wannan ilimi a tsaye ake koyon sa, kusa da mai yi, ana miƙa mata ludayi ana kallon hannunta. Rauninsa ke nan kuma. Iyalai da yawa sukan farga ne bayan rasuwar dattijuwar gida cewa babu wanda ya san yadda take haɗa wani girki, domin kowa ya ɗauka tana nan. Tambayar ta da baki ba ta isarwa, amsarta ita ce “ɗan kaɗan” da “sai ya yi”. Wanda yake son adana girkin sai ya tsaya a gefenta, ya auna abin da ta ɗebo kafin ta zuba, ya rubuta alamun da take dubawa, sannan ya dafa da kansa ya kawo mata ta ɗanɗana ta gyara masa.

## Lafiya

Mai girki a gida shi yake da iko kan gishiri da sukari da mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, amma matsakaicin abin da ake ci a duniya ya haura ninki biyu na haka. A wani gwaji da Kevin Hall ya jagoranta a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka, wanda aka fitar a 2019, an ba mutum 20 abincin masana'anta mai yawan sarrafawa na mako biyu, da abincin da aka dafa daga ɗanyun kaya na mako biyu, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki) kusan 500 a rana, suka ƙara kusan kilo 1. Duk da haka, dafawa a gida ba ta wanke abinci daga illa idan hannu ya yi nauyi wajen mai da gishiri.

## Aikin da ke bayansa

Kafin faranti ya iso gaban mai ci, an yi tunanin abin da za a dafa, an yi cefane, an wanke, an yanka, an tsaya a zafi, bayan an gama kuma ga wanke-wanke. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ne suke yin kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da ba a biya, wanda girki yake cikinsa: awa 4 da minti 25 a rana, maza kuwa awa 1 da minti 23. Aikin yana da haɗari ma. Fiye da mutum biliyan 2 suna girki da itace ko gawayi ko kananzir ko makamantansu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Mata da ƙananan yaran da ke kusa da su ne suka fi shaƙar hayaƙin. Wanda yake yabon girkin gidansu ya kamata ya san wannan nauyi, ya kuma sa hannu, domin hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Yaron da aka sa shi tsince ganye ko motsa tukunya yakan fi son cin abin da aka dafa, ta nan kuma koyo yake farawa, ga mace ga namiji.

## Ɗumame

Miya da romo da yawa sun fi daɗi washegari, domin kayan ƙamshi sun samu lokacin ratsa nama da ruwa. Amma kwanan abinci yana da ƙa'ida. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, don haka shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki, a sa shi a firji da wuri, in an tashi ɗumamawa kuma ya yi zafi sosai har cikinsa, miya ta tafasa. Babbar tukunya tana daɗewa ba ta huce ba, gara a raba abincin cikin ƙananan mazubai. Shinkafa tana buƙatar kulawa ta musamman: akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda ƙwayayenta suke tsira daga dahuwa, idan shinkafar ta jima a waje sai su fitar da gubar da ɗumamawa ba ta kashewa. Adana ragowar abinci yadda ya kamata yana rage asara kuma, domin rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a 2022, kashi 60 cikin 100 daga gidaje.