Sauya sheƙa a addini: me ake nufi, kuma ina ta rabu da ridda?

An fi jin "sauya sheƙa" a bakin 'yan siyasa, duk lokacin da wani gwamna ko sanata ya bar jam'iyyarsa ya koma wata. Amma a majalisun unguwa, a tasha, da kuma a Facebook, ana yawan ɗora ta a kan sha'anin addini. Za ka ji an ce, "Ai wane ya sauya sheƙa, yanzu ɗan Izala ne," ko "Ta bar cocinsu na ECWA ta koma Living Faith." Sheƙa gidan tsuntsu ce, kuma tsuntsun da ya koma wata sheƙar yana nan a tsuntsunsa. A addini ma haka ake nufi: mutum ya bar ƙungiya, ɗariƙa, mazhaba ko cocin da ya tashi a ciki ya shiga wani, alhali yana riƙe da addininsa. Musulmin yana nan kan kalmar shahada, da salloli biyar, da azumin Ramadan. Kiristan yana nan da Littafi Mai Tsarki da imaninsa.

Ridda wani abu ne daban. A fiƙihu, ridda fita ce daga Musulunci baki ɗaya, ta hanyar furuci, ko aiki, ko ƙudurin zuci. Wanda ya daina zuwa wazifa bai yi ridda ba, haka wanda ya bar masallacin Izala ya karɓi wuridi a hannun muƙaddami. Rikicin da aka daɗe ana fama da shi a ƙasar Hausa ya samo tushe ne daga masu cakuɗa waɗannan abubuwa biyu, wasu da gangan, wasu cikin rashin sani.

Abin ba yau ya fara ba. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da jama'arsa 'yan Ƙadiriyya ne, amma tun a shekarun 1830 Alhaji Umarul Futi ya zauna a Sakkwato yana yaɗa Tijjaniyya. Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, ya karɓi Tijjaniyya, kuma gidan sarautar Kano ya bi wannan hanya. Da Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a aikin hajjin 1937, sai wata sabuwar ƙofa ta buɗe a cikin Tijjaniyyar kanta. Mabiya Shehu Ibrahim suka riƙa ƙabalu a salla, wato ɗora hannu a ƙirji, a ƙasar da aka saba da sadalu, wato sakin hannuwa. Yau abin kamar wasa, amma a wancan zamani an raba masallatai a kansa, har an yi tarzoma a wasu garuruwan lardin Sakkwato. Dukkansu kuwa Malikawa ne, Ahalari ɗaya, Ishmawi ɗaya, Risala ɗaya suka karanta a zaure.

Babbar guguwar sauya sheƙa ta taso bayan 1978, shekarar da Shehu Isma'ila Idris ya kafa Jama'atu Izalatil Bid'a wa Iƙamatis Sunna a Jos. Kafin nan tafsirin Shehu Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello, wanda Rediyon Kaduna ke watsawa, ya riga ya share fage. Matasa, 'yan kasuwa da ma'aikata suka riƙa barin ɗariƙun iyayensu, daga Kaduna har Maraɗi. Juyin juya halin Iran na 1979 ya kawo wata sheƙar ta hannun almajiran Malam Ibrahim Zakzaky, kuma a 1994 wasu daga cikinsu suka ɓalle suka kafa Jama'atu Tajdidil Islam, saboda ba su yarda da karkata zuwa Shi'anci ba. Ita kanta Izalar ta dare gida biyu, ɓangaren Jos da na Kaduna.

Waɗannan duk labarin manya ne. Ainihin nauyin sauya sheƙa a cikin gida ake jin sa. Ɗauki saurayin da ya tashi yana bin mahaifinsa zawiya. Ya saba ganin an shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiyar da'ira idan an zo karanta Jauharatul Kamal, ya haddace Salatul Fatihi tun bai san ma'anarta ba, ranar Juma'a da la'asar yana wajen zikiri. Wata rana sai a ga da an sallame salla ya ɗauki takalminsa ya fice. Wandonsa ya ɗage sama da idon sawu. An zo karɓar gudummawar maulidi ya ce a yi masa uzuri. Abin da ya fi ƙona ran tsohon ma ba wannan ba ne, gaisuwa ce: yaron da ke durƙusawa har ƙasa, yanzu sai ya miƙo hannu a tsaye yana cewa, "Baba, ina kwana?" A wurin yaron sunna yake bi. A wurin uban, tarbiyya ce ta zube. Uwa kuwa ita ke tsakiya, tana ba wannan haƙuri tana lallashin wancan.

Kada a ɗauka ɓangaren da aka bari yana kallon abin da sauƙi. Daga cikin sharuɗɗan karɓar wuridin Tijjaniyya akwai cewa ba za a haɗa shi da wuridin wata ɗariƙa ba, kuma ba za a ajiye shi ba har mutuwa. Don haka wanda ya bari, a idon muƙaddaminsa ya warware alkawari ne mai girma. A ɗaya ɓangaren kuma, wa'azin farko-farkon Izala ya yi zafi ƙwarai, har aka kai ga wasu ba sa bin limamin ɗariƙa salla, ba sa cin yankansa. A nan ne, a ganina, aka fi yin ɓarna, domin da zarar ka ce yankan mutum bai halatta ba, ka riga ka fitar da shi daga addini ko da bakinka bai furta ba. Kuma hadisin da ke cikin Buhari da Muslim sananne ne ga kowane ɓangare: wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar za ta koma kan ɗayansu.

Dalilan sauyawa ba su da iyaka. Wani karatu ne ya kai shi, wani aure, wani maigidansa na kasuwa ya bi, wata kuma makarantar Islamiyya ta matan aure ce ta ja ta. Akwai wanda kawai ya tare a sabuwar unguwa, masallacin da ke ƙofar gidansa ya zama nasa. Ba kowa ne ya zauna ya auna hujjoji ba, ko da yake kusan kowa haka yake faɗa.

A wajen Kiristocin Arewa ma labarin na da kama. Matasa da dama sun bar tsofaffin coci-coci irin su ECWA, COCIN, EYN da Katolika zuwa na Fentikostal. Tambayar da ke tasowa a can ita ce ta baftisma: wasu coci-cocin na amincewa da wadda aka yi wa mutum yana jariri, wasu kuma sai sun sake nitsar da shi cikin ruwa kafin su lissafa shi cikin membobinsu.

Ta fuskar doka, sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin addini da aƙida, har da 'yancin sauya su. Sai dai doka ba ta zuwa wurin neman aure, inda waliyyi zai aika a binciko masallacin da yaro ke salla kafin ya ce a turo magabata. Ba ta zuwa wurin jana'iza, inda 'ya'yan mamaci kan yi cirko-cirko a kan wanda zai ja salla, da kuma ko za a yi sadakar uku da ta arba'in ko a watse daga maƙabarta.