Daga Ina Dabbobi Ke Samun Ɗumi Idan Sanyi Ya Tsananta?

Wai da gaske akwai dabbobi masu "jini mai sanyi"?

Sunan ne ke ruɗar mutane. Ƙadangaren da ya daɗe yana shan hantsi a kan dutse, jikinsa kan kai na mutum zafi, wani lokacin har ya zarce. Bambancin yana ga inda ɗumin ke fitowa. Ƙadangare da maciji da kwaɗo da akasarin kifaye aron ɗumi suke yi daga rana ko ruwa ko ƙasa. Tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa kuwa a cikin jikinsu suke hura wutarsu. Mutum yana tsayawa a wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, tsuntsaye da yawa tsakanin 40 da 42, ko da ƙanƙara ake yi a waje.

To, da me ake hura wannan wuta?

Da abinci, kuma tana da tsada. A cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai wasu ƴan mitsi-mitsin sassa da ake kira mitokondiriya, su ke ƙona sukari da kitse da taimakon iskar da muke shaƙa. Fiye da rabin ƙarfin da ke fitowa daga wannan ƙuna zafi yake zama. Iya ƙanƙantar dabba, iya saurin tsiyayewar ɗuminta, domin fatarta ta yi wa ɗan jikin yawa. Shi ya sa jaɓa ba ta da hutu: a yini tana cin abin da ya kusa nauyin jikinta, in ta yi ƴan sa'o'i ba ta ci ba sai mutuwa. Shi kuwa kada, mai aron ɗumi, yakan yi watanni bai sa komai a baki ba, yana kwance abinsa.

Me rawar ɗari ke amfana wa jiki?

Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, haifotalamus, shi ne mai gadin zafin jiki. Da ya ji sanyi ya fara shigowa, sai ya fara da tattali: ya tsuke jijiyoyin jinin da ke kusa da fata, jini ya koma wa zuciya da hanta da ƙwaƙwalwa. Dalilin da yatsu ke fara sandarewa ke nan. Sai kuma tsikar jiki ta tashi. A jikin kyanwa ko tsuntsu wannan dabara ce mai aiki, gashi ya buɗe ya riƙe iska ta zama bargo. Mu dai gashin ya yi mana ƙaranci, sai ƙurajen banza. In duk wannan bai isa ba, sai a sa tsokoki su dinga motsi da sauri ba tare da sun ɗaga komai ba. Ƙarfin bai da inda zai je, sai ya koma zafi. Makyarkyata mai ƙarfi na iya ninka zafin da jiki ke samarwa har kusan sau biyar.

Jariri sabuwar haihuwa ba ya iya makyarkyata sosai. Yaya yake yi?

Wannan, a ganina, shi ya fi ban mamaki. Kitse iri biyu ne. Fari ajiya ne. Mai launin ruwan ƙasa kuwa murhu ne, kuma yawan mitokondiriyan da ke cikinsa ne ya ba shi wannan launi. Yana ɗauke da wani furotin mai suna UCP1, wanda ke sa ƙarfin abinci ya zube kai tsaye ya zama zafi, maimakon ya tafi aikin jiki. Jariri yana da shi tsakanin kafaɗu da wuya da gefen ƙoda. An daɗe ana zaton yana ɓacewa in mutum ya girma, sai a 2009 hotunan cikin jiki suka tabbatar da cewa manya ma suna da saura, musamman a wuya da saman ƙashin kafaɗa, kuma sanyi ne ke tashinsa.

Agwagwa na tsayawa a kan ƙanƙara babu takalmi. Ba ta ji ne?

A ƙafarta, jijiyar da ke sauko da jini mai ɗumi tana manne da wadda ke mayar da mai sanyi sama. A hanya sai mai ɗumin ya miƙa wa mai sanyin zafinsa. Kafin jini ya isa tafin ƙafa ya riga ya huce, babu wani ɗumin kirki da ƙanƙara za ta sace.

Masu aron ɗumi ba sa iya yin nasu ko kaɗan?

Wasu suna yi. Ƙudan zuma kan dunƙule wuri guda a hunturu, su dinga kaɗa tsokar tashi ba tare da fikafikai sun motsa ba, har su riƙe ɗakin ƴaƴansu a wajen digiri 35. Macen mesar Indiya ma takan naɗe ƙwanta, tana murza tsokarta a kai a kai don su yi ɗumi.

In abinci ya ƙare kuma sanyi bai wuce ba fa?

Sai a rage wuta. Kuregen ƙasa na Alaska yana shiga rami ya yi baccin watanni, kuma binciken masanin kimiyya Brian Barnes na 1989 ya nuna zafin cikinsa na sauka har digiri 2.9 ƙasa da sifili, jininsa bai daskare ba. Duk bayan mako biyu ko uku sai kitsen nan mai ruwan ƙasa da makyarkyata su mayar da shi zafinsa na kullum na ɗan lokaci, sannan ya sake hucewa.

Kwaɗon daji na Arewacin Amurka ya fi shi sallamawa. Da ƙanƙara ta fara kama fatarsa, hantarsa ke sakin sukarin gulukos mai yawa cikin jini don kare ƙwayoyin halitta. Kusan kashi biyu cikin uku na ruwan jikinsa ya daskare, numfashi ya tsaya, zuciya ta tsaya, ya yi tauri a ƙarƙashin busassun ganye. Idan gari ya yi ɗumi ya narke, zuciyar ke fara bugawa, sannan numfashi, daga baya ƙafafu su motsa ya nufi ruwa neman mace.