Dokokin raba riƙon yara daidai tsakanin iyaye a Amurka

Raba riƙon yara daidai wani tsari ne da majalisun jihohi da dama a Amurka suke ta muhawara a kai, wasu sun mayar da shi doka wasu kuma har yanzu ƙudiri ne kawai. Abin da yake nufi shi ne, in aure ya mutu aka je kotu kan yara, alƙali zai fara ne da ɗaukar cewa zaman yaro rabi wajen uwa rabi wajen uba shi ya fi masa alheri, wanda bai yarda ba shi zai kawo hujja. A da abin da aka saba shi ne yara su zauna wajen ɗaya, yawanci uwa, uban kuma ya riƙa ɗaukarsu a ƙarshen mako duk bayan sati biyu. A sabon tsarin ana yin sati nan sati can, ko kwana biyu, biyu, uku.

Jihar Kentucky ce ta fara. A 2017 ta yi dokar da ta shafi hukuncin wucin gadi, sai a 2018 gwamna Matt Bevin ya sa hannu a wadda ta haɗa har da hukuncin dindindin, amma ba a amfani da wannan ƙa'ida in akwai odar kotu ta kariya daga cin zarafi a kan ɗaya daga cikin iyayen. Arkansas ta biyo baya a 2021, West Virginia a 2022, Missouri da Florida a 2023. Ta Florida ɗin ta sha jan ƙafa, don a 2016 majalisa ta amince da irin wannan ƙudiri amma gwamna Rick Scott ya ƙi sa hannu, yana ganin an fifita son ran iyaye a kan maslahar yaro, sai a zamanin Ron DeSantis aka yi. A North Dakota kuwa jama'a da kansu suka kayar da shi a ƙuri'ar 2014.

Masu goyon baya, irinsu ƙungiyar National Parents Organization, suna cewa bai kamata mutuwar aure ta mayar da uba baƙo a wajen ɗansa ba, kuma in kowa ya san rabi zai samu to rigima da kuɗin lauya za su ragu. Wannan magana tana da nauyi gaskiya. Amma masu kare matan da ake duka a gida suna da tasu damuwar, kuma ni a ganina nan ne ainihin matsalar take: duka da barazana a cikin ɗaki ake yinsu, ba kowace mace ce take da rahoton 'yan sanda ko odar kotu a hannu ba, ga shi doka ta ɗora mata nauyin kawo hujja. Sai kuma batun jariri mai shan nono da iyayen da garuruwansu ke nesa da juna. Akwai kuma kuɗi, tunda a jihohi da yawa yawan kwanakin da yaro ke yi wajenka yana rage kuɗin ciyarwar da za ka biya, shi ya sa kowane ɓangare ke zargin ɗayan da cewa kuɗin yake bi.

Ostiraliya ta gwada makamancin haka a 2006 lokacin firaminista John Howard. Tata dokar ta shafi yanke shawara tare ne kan manyan al'amuran yaro kamar makaranta da lafiya, amma mutane da yawa suka ɗauka haƙƙin rabin lokaci ne aka ba su. Majalisa ta soke wannan ƙa'ida a 2023, gyaran ya fara aiki a watan Mayun 2024, aka koma duba maslaha da tsaron kowane yaro shi kaɗai.